Ka Bar Ƙaramin Jirgin

Ƙanena Bashiru,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Gangara. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Hadiza da ɗiyarku Nana? Mu nan lafiya, sai dai har yau ruwa bai sauka ba, geron da munka shuka karo na biyu ya ƙone.

Saƙonka ya iso, inda ka ce mu taya ka zaɓe tsakanin kamfanonin jirgin ruwa biyu, mai ƙaramin jirgi da mai babba, don yawon ganin duwatsun ƙanƙara. Ni na yi kuskure, na nuna ma Inna bidiyon ƙaramin jirgin, mai matsawa dab da dutsen. Tana kallo sai wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku, jirgin ya dinga tangaɗi. Ta ture wayar ta ce, "Cikin wanga abu za su sa Nana? Jikar da ban taɓa ɗauka ba?" Kwana biyu ko fura ba ta sha ba, jininta ya hau, sai da munka kai ta asibiti garin Isa.

Jiya na nuna mata babban, mai likita ciki, mai tsayawa nesa. Da ta gama kallo ta ce, "In dole ne, wanga. Amma shi kira ni, in ji daga bakinai."

Na san ƙaramin ka fi so, Bashiru. Ka bar shi. Ka kira ta kafin Jumma'a, wayar tana ƙarƙashin matashinta.

Ku taya mu roƙon ruwa. Ka gai da Hadiza.

Yayarka,
Rabi