Tambaya ta Bakwai a Fom Ɗinka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ko da yake a makon nan ba ka cancanci rabinta ba. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan da zaman kujera ya ja maka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo, ka san ta warke ke nan. Babban ɗana ya ci jarabawarsa. Maigidana kuma yana nan yana shirin gyara ƙofar kicin, shirin da ya fara tun bara.

Na ga hoton da ka turo mana a waya, wai masana dubu biyu da wani abu sun ambaci bincikenka a rubuce-rubucensu. Kowa ya yi maka barka, ni ma na yi, kuma har zuciyata, don ni na goya ka. Na yarda da abin da ka gano, cewa wahalar da yaro ya sha tana bin sa har girma, ta koma hawan jini ko ciwon suga ko na zuciya. Shekara goma sha tara ina aikin nas, kullum ina ganinsu. Amma sau uku ke nan kana tambayata me ya sa Baba ba ya ɗaukar wayarka, ni kuma na gaji da ce maka caji ne ya ƙare. Don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta.

Wata huɗu ke nan da aka kawo mana fom ɗinka asibiti, mai tambayoyi goma kan yarintar mutum, aka ce duk wanda ya zo awon hawan jini sai an cike masa. Sunanka na nan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ranar farko na yi ta nuna wa abokan aiki, kaina ya yi girma. Kafin sati ya zagayo sun fara hararata. Auta, kai a ina ka yi wa mutanenka tambayoyin nan? Na san a ɗaki mai ƙofa ne, da kujera mai laushi da ruwan sanyi. Mu labule ne ya raba mu da masu jira, labulen ma bai kai ƙasa ba, kana ganin takalmansu, su kuma suna jin tarinka. Minti biyar ne rabon kowa. A cikinsu zan ɗaura wa mutum abin awo, in duba katinsa, in kuma tambaye shi ko an taɓa dukansa har ya ji rauni yana yaro. Gurbin amsa biyu ka yi, e ko a'a, amma ban taɓa ganin wanda ya ce e ya tsaya a nan ba. Wata tsohuwa minti arba'in ta yi tana kuka a kafaɗata, na bayanta suna ta buga benci.

Duk wannan da na haƙura. To makonni uku da suka wuce Baba ya zo karɓar maganinsa na hawan jini. Ina ɗakin allura ranar, sai ya faɗa hannun wata sabuwar nas, mai ladabi ce, ba ta dai san mahaifina ba ne. Ka san Baba da barin tabarau a gida, ga kunne ya yi nauyi, sai ta ɗaga murya tana karanta masa. Ta ce har tambaya ta shida yana amsawa yana murmushi, har ya gaya mata ɗansa ne ya rubuta takardar. Da ta zo ta bakwai, wadda ke tambaya ko akwai mai taɓin hankali a gidan da mutum ya taso, sai ya yi shiru. Ta zaci bai ji ba, ta maimaita da ƙarfi. Ya kwance abin awon daga hannunsa da kansa, ya ninke, ya ajiye mata a tebur, ya fita ya bar katinsa da maganinsa.

Na rasa gane kansa, sai na je wurin Gwaggo. Sai da na sha wuya kafin ta buɗe baki. Ashe kakarmu ba ta rasu Baba yana ɗan shekara bakwai ba kamar yadda aka gaya mana. Ciwo ne ya same ta, aka kulle ta a ɗakin baya shekara biyar kafin Allah ya karɓi ranta, kuma Baba kaɗai take yarda ya kai mata abinci. Gwaggo ta ce wata rana kakar tamu ta gane shi ta shafa kansa, wata rana ta jefe shi da kwanon. Shekara sittin da ɗoriya bai gaya wa kowa ba, har Mama.

Yanzu Baba ya ɗauka ka sani. Ya ce Gwaggo ce ta gaya maka, kai kuma ka ɗauki uwarsa ka sa a takarda duniya tana karantawa. Na rantse masa tambayar kowa ake yi wa, ya ce to me ya sa ta yi daidai da shi. Ya ce ba zai ƙara taka asibitin ba. Na kai masa maganin gida, ya ajiye a kan firiji, jiya na duba ko ƙwaya ɗaya bai sha ba. Ya hana ni auna shi. Idonsa ya yi ja, da safe yana riƙe ƙeya, kuma ba sai na gaya wa Farfesa abin da wannan ke nufi ba. Ina jin haushinka, ina kuma jin tsoro. Na san ba da gangan ka yi ba, wannan ma ƙara ba ni haushi yake, don na rasa wanda zan yi wa masifa.

Kada ka turo mini wata maƙala in karanta, kada kuma ka ce in lallaɓa shi, lallaɓawata ta ƙare. Ka sayi tikiti ka zo. In wani taro ne gabanka, za su iya yin sa ba kai.

Mama tana gaishe ka, ba ta san komai ba tukuna, kada ka taɓa mata zancen a waya. Gwaggo tana gaishe ka, maigidana da yara ma haka. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Baba bai ce in gaishe ka ba. Amma jiya da zan fito ya kira ni, bai ko ɗago ya dube ni ba, ya ce in tambaye ka, tunda kai ne masanin, idan mutum ya amsa da e, sai a yi masa me. Na dawo gida na juya fom ɗin, bayansa babu rubutu ko layi ɗaya. Ka zo ka ba shi amsa da bakinka.

Taka har kullum,
Yayarka