Na Ɓoye Jabanar Kakata Saboda Bincike

Malama, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin nazarin al'umma, kuma bincikena a kan al'adar ƙauyenmu ne, kusa da garin Hajj Abdalla a yankin Jazira, inda Larabci ne harshen gari. Malamaina biyu ba sa jituwa. Ustaz Osman ya ce al'ada gado ce, in tattaro abin da kakanninmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa, can yamma, kafin ya ɓace. Ustaza Hanaa ta ce al'ada ita ce abin da mutane ke yi yau, har tana shakkar amfanin kalmar kanta. Na bi Ustaz Osman, tunda shi ke duba aikina.

Ranar da zan ɗauki kakata Iya Kulu a bidiyo, na kwashe jabanarta, wato butar dafa gahawa, da finjalai na kai bayan ɗaki, na ce ta aje tob ɗinta, lulluɓin da matan nan ke yafawa, ta ɗaura zani, na dire ƙwaryar fura gabanta. Ita da rabonta da dama fura tun ina goye! Sai ta tashi ta shige ɗaki. Tun ranar da Larabci take amsa gaisuwata, alhali Hausa kaɗai muke yi da ita tun tasowata. Gahawar safe ma ta daina kirana. Lokacin miƙa aiki ya matso, ba ni da hira ko ɗaya. In na nuna ta yadda take kuma, ina tsoron a ce ba Bahaushiya na kawo ba.

Jikar da ta rasa sukuni

'Yata,

Ustaz Osman yana da hujja, abin da ba a rubuta ba yakan tafi tare da tsofaffi. Ustaza Hanaa ma tana da tata. Masana sun daɗe suna wannan muhawara, ba ke za ki raba ta kafin jarrabawa ba. Abin da ya ɓata wa Iya rai daban ne: kin nuna mata cewa rayuwar da ta yi a Jazira ba ta isa a gani ba.

Ki aje kyamara. Gobe ki riga ta tashi, ki soya gahawa, ki daka, ki kai mata jabanar da hannunki, ki nemi gafara da Hausa. Kada ki ambaci bincike. In ta huce, ki tambaye ta wa ya koya mata gahawa, yaushe ta bar fura, don me. Gadon da Ustaz Osman ke nema yana cikin amsar, sauyin ma yana ciki. Ki faɗa masa haka tun yanzu, ki roƙi ƙarin lokaci in ta kama.

Allah ya sa ta sake kiranki gahawar safe, kuma da Hausa.