Karkarwar Akwatina a Kaset

Sabha, Libiya, 2006

Ƙanena Suhaibu,

Ina gaishe ka da Inna da su Barira. Yaya noman rani? An sako muku ruwa a Bunkure kuwa? Ni lafiya lau, sai tarin da ƙurar gareji ke sa ni. Kada ka gaya wa Inna.

Wani mutumin Kura ya zo da sabon kaset. Da aka kunna, sai na ji jita tana amsa-kuwwa, da 'yar karkarwa a ƙarshe. Suhaibu, na san karkarwar nan. Akwatin amsa-kuwwar da na haɗa wa jitata ne da sifirin, wato naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe na tsohon injin ban-ruwanmu, kuma ɗaya daga cikinsu a lanƙwashe yake. Kai kuwa ka rubuto mini cewa akwatin yana ƙarƙashin gadon Inna, ba mai taɓa shi.

Ban ce ka ci amanata ba. Amma mutumin ya ce mini, "Ai ƙanenka ne ya ƙirƙiro akwatin da ke ba da sautin nan, kowa ya sani."

Don Allah a ɗauki Inna hoto riƙe da akwatin, ka aiko mini. In ba zai yiwu ba, ba sai ka yi bayani ba, zan gane.

Allah ya yi maka albarka.

Yayanka,
Iliyasu