Ni Kaɗai Ke Jin Ƙarar Ƙafar Baya

Malam Nagoggo, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa. Abin da na ƙudurta a raina ni kaina na san ba na kirki ba ne, amma duk sanda na tuna shi sai in ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce a nan Daura. Da kuɗin sallamata na sayi wata tsohuwar bas, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar direba, tun maigidana yana da rai. Bayan rasuwarsa ita ce ta riƙe ni da 'ya'yana. Ina kai robobi da kwanoni Kongolam in dawo da dabino da cuku, sauran ranaku kuma direbana Malam Dabo ya yi jigilar 'yan kasuwa. Ta tsufa, ƙofarta ma sai an sa mata kafaɗa take rufuwa, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba.

Tun ƙarshen damina ta fara wata ƙara a ƙafar baya ta hagu. Gwaf, gwaf, kamar ana buga taɓarya a ƙarƙashin tabarma. Na saurare ta kamar yadda nake sauraron karatun ɗalibi. Ba ruwanta da inji, don ko Dabo ya ɗaga ƙafa daga totur tana nan. Ta fi fitowa a gargada da lokacin taka birki. In an danƙara mata buhunan hatsi sai ta lafa, in kuwa robobina ne, masu cika wuri babu nauyi, sai ta yi ta yi har mu isa.

Ka san yadda muke. Mota tawa ce, amma ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da direban da ba muharramina ba, kuma in da namiji a tafiyar shi ake buɗe wa gaba. Wurina kujerar ƙarshe, gefen taga, daidai bisa tayar nan. Har a ƙashin bayana nake jin bugun.

Na kai ta wurin Jafaru, ƙanin maigidana, wanda yake bakanike kuma shi ke duba ta tun farko. Ba sau ɗaya na kai ba, ba sau biyu ba. Ga yadda yake nasa binciken: ya shiga gaba, ya murɗa makulli, ya karkata kai kamar likita, ya kunna rediyo, ya bi kwalta mai sulɓi ya zagayo, ya miƙo mini makulli ya ce lafiyarta lau. Na ce ya dawo baya ya zauna inda nake zama, ya yi dariya ya ce shi ba ɗan rakiyar amarya ba ne. Na ce to a ɗaga ta a jijjiga tayar, ya ce jak ɗinsa yana ƙarƙashin wata motar. Ran nan haƙurina ya ƙare, na gaya masa a gaban masu jiran gyara cewa na karanta littafin motar nan daga bango zuwa bango, ban ga shafin da aka ce a saurari ƙafar baya daga kan sitiyari ba. Sun yi dariya. Ban yi nadama ba, kuma kada ka ce in yi.

Yanzu ji yadda ya rama. Ana zaune a ɗakin Iya, surukata, ana shirin bikin ɗansa Yazid, sai Jafaru ya sassauta murya, ya yi fuskar tausayi, ya ce tun rasuwar Yaya ba ni da cikakkiyar natsuwa, na fara jin abin da mutane ba sa ji. Ya ce ya kamata a ɗauke mini wahalar motar nan a bar ta a hannunsa in huta. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Aka kira Dabo, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai ji komai ba. Ina zai ji, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa zaune a kan inji, ko sallama sai an maimaita masa?

Washegari Iya ta aiko mini da rubutu a gora da turaren hayaƙi, wai in sha, in kuma turara ƙarƙashin kujerar. Matan unguwa da na koya wa 'ya'yansu karatu yanzu in na shigo gidan suna sai a rage murya. Wata har ta matso ta tambaye ni, cikin raɗa, ko ƙarar tana kiran sunana. Ɗana da ke karatu a Zariya ya bugo waya yana ta kewaye-kewaye, ƙarshenta ya tambaye ni ko ina samun barci. Wannan ce ta sa ni kuka, ni da ban yi kuka a gaban kowa ba ko ranar da na fita takaba. An kuma tsayar cewa bayan biki dangi za su zauna a kan maganar motar.

To, cikin kwanakin nan ƙarar ta sake salo. Yanzu ko a kwalta tana yi, tana bin juyawar taya, in an ƙara gudu ta ƙara sauri. Da muka dawo jiya na ɗora hannu a tsakiyar tayar, ba shiri na janye saboda zafi, ta ɗaya gefen kuwa ɗumi kawai. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Wa zai saurari mahaukaciya?

Sai ga Jafaru ya aiko neman aron motar, za ta kai maza ɗaurin aure Dutsi ranar Asabar. Na ce da hannu bibbiyu. Har wanke ta na sa aka yi. So nake ta durƙushe da su a tsakiyar daji, da manyan rigunansu da suka sha bugu, waliyyin amarya yana can ƙofar masallaci yana duba hanya, shi kuma uban ango yana kwance ƙarƙashinta cikin shaddarsa sabuwa. So nake duk wanda ya ji waccan magana a ɗakin Iya ya tsaya a rana ya ji ƙarar da kunnensa. Ni ina gida. In ya bugo waya zan tambaye shi cikin tausayi ko shi ma ya fara jin abubuwa ne, in ce masa na rage masa rabin rubutun.

Kai ma namiji ne, na san a gaba kake zama, amma an ce kana faɗin gaskiya. Mece ce wannan ƙara? Kuma ina da laifi a wurin Allah in na yi shiru, tunda na faɗa, na maimaita, aka ce na zare?

Mai Kujerar Baya, Daura

Hajiya, hankalinki ƙalau yake. Na fara da wannan don shi kika fi bukatar ji. Wanda ya zare ba ya bambance ƙarar gargada da ta kwalta, ba ya kuma gwada zafin taya biyu.

Ba zan yanke wa mota hukunci daga takarda ba, amma bayaninki ya rage hanya. Ƙarar farko, mai lafawa in an yi lodi, ta yi kama da ta sifirin, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya: ko robarsa ta cinye, ko ganye ɗaya ya karye, ko ƙarfen da ya ɗaure shi ya saki. Wani lokaci ma salansa ce ke dukan jikin mota. Ta yanzu ita ce ta tayar mini da hankali. Ƙarar da ke bin juyawar taya, ga zafi, tana nuna ko notocin taya sun kwance, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ya mutu, ko wani abu ya saki a cikin birki. Motar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba lallai ta tsaya a hankali a gefen hanya kamar yadda kike hasashe ba. Taya kan fita ne ana cikin gudu.

Kin kuma san abin da kika ƙi rubutawa. Motar da ta kai maza da safe ita ce za a ce ta ɗauko amarya da yamma, da gwaggonninta da yara a cinya. Yarinyar nan ba ta taɓa ce miki komai ba. Faɗin da kika yi a baya ya sauke miki nauyin tsohuwar ƙara. Sabuwar, da zafin da hannunki ya ji, ke kaɗai kika sani. In kika miƙa makulli a haka, shirunki ba shiru ba ne, kuma amsar tambayarki ita ce e, kina da laifi. Daga yau kada motar nan ta ɗauki kowa, har ke.

Jafaru kuwa ya yi kuskure biyu. Na sana'a, da ya ƙi ɗaga mota. Na zumunci, da ya taɓa hankalin matar wansa a gaban dangi, wanda ya fi na farkon muni nesa ba kusa ba. Amma ina jin da gaske bai ji ƙarar ba, don wanda ke zaune kan inji ba ya jin baya. Kuma dariyar da aka yi masa a garejinsa ita yake ramawa. Ban ce ki yi nadama ba, na dai ce ki san inda wutar ta tashi. Iya kuma ki bar ta, abin da aka gaya mata ta yi wa magani, kuma don ta damu da ke ne.

Ga abin yi, gobe ba jibi ba. Ki nemo wani bakanike da ba ruwansa da gidanku, ya zo ƙofar gida da jak da sifana. Ki aika a kira Jafaru da babba ɗaya cikin waɗanda suka ji maganarsa. Kada a taɓa komai sai sun iso. A fara gwada notocin. Sannan a ɗaga motar, Jafaru da kansa ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga, ya juya ta, ya leƙa sifirin. In ba a ga komai ba, a bi layin unguwa a hankali kamar tafiyar ƙafa, shi a kujerarki. Ke kada ki ce uffan. Na san wannan zai fi miki wuya fiye da komai.

In abin ya fito, bukatarki ɗaya ce: a ɗakin da ya faɗi maganar, a gaban mutanen da suka ji, ya janye ta da bakinsa, a kuma rufe zancen karɓar mota. Ɗanki ma Jafaru zai buga masa waya ya gyara abin da ya ɓata. In an gyara ta kafin Asabar, ki ba su aro da zuciya ɗaya. In ba a gyara ba, su nemi wata, ko da za a ce kin yi rowa.

Durƙushewa a daji za ta ba ki dariyar yini ɗaya, sannan a ce tsautsayi ne, tsohuwar mota ce, gara ma a karɓe ta daga hannunki. Abin da Jafaru ya jijjiga da hannunsa a gaban shaida kuwa ba shi da bakin musa shi.

Allah Ya huci zuciyarki, Ya tsare ki da dukiyarki, Ya kai amarya ɗakinta lafiya.

Nagoggo