Muryar da Ba Ta Zo Aji Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma na yi abin kunya, kuma ke kaɗai za ki gane girmansa.

Har yanzu ina koyarwa a firamaren nan ta bayan Doguwa. A hutun da ya wuce an kai mu bita Tudun Wada. An koya mana cewa yaro ya fi kama karatu idan ana yaba masa, musamman in yabon daga gida ya fito. Aka kuma ce mu daina ganin waya kamar annoba, mu sa ta aiki a aji. Na dawo ina rawar kai, sai ka ce ni na ƙirƙiro ilimin.

Sai na aika wa iyayen 'yan ajina cewa kowace uwa ta turo min saƙon murya, ta kira sunan ɗanta, ta yaba masa. Na ari ƙaramar lasifika, ranar Alhamis na riƙa kunna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Yara sai washe baki suke. Ban ko lura ba cewa a wasu gidajen kaka ce ta yi magana, a wasu kuma goggo.

Akwai Hajara, 'yar rugar da ke gindin dutse, wadda ta fi kowa lissafi. Da aka zo kanta babu saƙo. Inna, da bakina na tambaye ta, wai ina wasa, ko mahaifiyarta ba ta da abin faɗa a kanta ne. Aji ya fashe da dariya. Ita ko ta sunkuyar da kai. Tun ranar ban sake ganin ta a makaranta ba.

Da na kai wa hedimasta ƙorafi, sai ya dube ni ya ce ai yarinyar 'yar fari ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni, ɗan farinki, ni ne na manta da alkunya.

Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Wancan” nake. Ranar da na ci jarrabawar kwaleji, kina tankaɗe, ko ɗagowa ba ki yi ba. Maƙwabciya kika cewa, “Wai wancan ya ci.” Amma da na buɗe kwanon tuwona a ranar, sai na tarar da cinyar kaza a ɓoye a ƙasa.

Jiya na hau babur na je rugar. Mahaifiyar Hajara ta dama min fura, ta tambayi lafiyar iyalina, ta yi min barka da damina. Ko sau ɗaya ba ta ambaci yarinyar ba. Na ba da haƙuri, ina in'ina kamar ɗan aji ɗaya. Sai da na miƙe na hango kayan makarantar Hajara an wanke su fes, an shanya a kan danga. Goggonta ce ta raɗa min cewa ba yarinyar ce ta wanke ba.

Ban watsar da waya ba, Inna, tana da amfani. Amma ranar Litinin, kafin in kunna komai, zan tsaya gaban aji in ba Hajara haƙuri, in Allah ya sa ta zo. Har yanzu ina tsoron kada ta ƙi.

A hanyar dawowa na yi ta tambayar kaina abin da ya rufe min ido. Ina jin ba don yaran kaɗai na shirya darasin nan ba. So nake in ji wata uwa ta kira sunan ɗanta da ƙarfi, ko da ba nawa ba ne.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna. Can ma in kin ga dama kada ki kira, na riga na ji.

Naki har abada,
Wancan