Gangunan da Maigidana Ya Binne a Bayan Kamfani

Gwaggo Hassana,

Don girman Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. A Rafin Guza muke zaune. Maigidana mai tsaron sito ne a wani kamfani da ke jiƙa tsofaffin takardu yana mayar da su kwali. Tun shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira yake wurin, da wannan aikin muke ci mu da 'ya'yanmu huɗu da mahaifiyarsa.

Sito suna ne kawai. Dilolin takarda a fili ake jibge su, ruwa ya dake su su ruɓe, wari kamar mushe. Gangunan sodar da ake narka takardar da ita kuwa a ƙasa suke, har tsatsa ta huda wasu. Da manajan ya ji labarin za a zo dubawa, sai ya sa maigidana da leburori suka haƙa rami bayan katanga, kusa da kududdufin da suke zuba dagwalonsu, suka binne waɗanda suka fashe. Maigidan nawa ne ya gaya mini da bakinsa ranar da nake shafa masa man kaɗanya a hannu, don fatar duk ta saɓule.

Da damina ta yi nisa, kududdufin ya ɓalle ya gangaro unguwa. Rijiyar maƙwabcinmu Malam Maliki ita ce ta farko a gangaren. Matarsa Hafsatu, wadda ita ta yi mini wankan jego, ta ɗebo ruwa ta yi alwala, sai ihunta muka ji. A asibiti an ce idon dama ya tafi. Kamfani ya kwashe dagwalon ya ce ƙaddarar ruwan sama ce, magana ta wuce. Malam ya yashe rijiyar, mutane sun koma sha. A unguwa ba wanda ya san gangunan suna nan binne a ƙasa.

Yayana Balarabe duba-gari ne. Ya zargi akwai abin da aka ɓoye, kullum yana gidana wai in faɗa masa. Maigidana kuma ya rantse in na buɗe baki a bakin aurena. Ba mugu ba ne, Gwaggo, ya rame, abinci ma sai ya tsakura. Ni kuwa na daina shiga gidan Hafsatu, ba na iya kallon tsumman da ke fuskarta. Jiya na ga 'yarta tana jan guga, na koma ɗaki na rufe ƙofa. Yaya zan yi?

Mai Kukan Zuci, Rafin Guza

'Yata,

Na ji kukanki. Amma kafin aurenki da aikin mijinki akwai rijiyar nan. Yau, ba gobe ba, ki shiga gidan Hafsatu ki ce kada kowa ya ƙara taɓa ruwan, ko da wanki ne. Faɗin wannan bai buƙaci ki ambaci sunan kowa ba, kuma ba rantsuwar da ta halatta ki zuba ido yarinya tana ɗibar guba.

Mijinki tsoro yake ji, tsoronsa kuma ba na banza ba ne, mai baki bakwai a gida ba ya wasa da aiki. Sai dai ya sani soda ba ta kwana lafiya a ƙasa. Wata damina za ta tona ta, kuma ran nan manaja zai ce bai san zancen ba, mai sito ne ya yi gaban kansa. Wanda ya kai kansa ya nuna ramin shaida ne. Wanda aka tono ramin aka zo aka same shi, shi ne mai laifi.

Kada ki zagaye shi. Ki gaya masa a fili ba za ki iya ci gaba da shiru ba, sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko limaminku, su tafi tare wurin mai unguwa. In ma da saki ya yi rantsuwar, malamai za ku tambaya, ba ke kaɗai za ki yanke hukunci a ɗaki ba.

Balarabe kuwa ya bar matsa miki. Hukuma ta ba shi ikon shiga da masu diga ya duba, ba sai ya bi ta ɗakin ƙanwarsa ba. In ya shiga, kada ya tsaya ga tono. Ya tilasta wa kamfanin yin rumfa mai daɓen siminti don takarda, ganguna a ɗaga su daga ƙasa, ramin dagwalo a yi masa siminti nesa da rijiyoyin mutane. Ya kuma tsaya wa Hafsatu a kan haƙƙinta.

Ba zan ruɗe ki ba, aikin yana iya tafiya. Ana samun wani aikin, 'yata. Ba a samun wani idon.

Allah ya ba Hafsatu haƙuri, ya ba mijinki ƙarfin zuciya, ya rufa muku asiri da abin da ya fi alheri.

Gwaggonki Hassana