Kofin Shayin da Na Ture

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na rubuto ta zaurenmu na waya na 'yan Kano da ke nan Dubai ne saboda wata bakwai ke nan ba ka ɗaga wayata. Kana International City, ina Karama, bas ɗaya ce tsakaninmu. Ba tarbiyyar da na ba ka ke nan ba. Ɗa ba ya gaba da mahaifiyarsa, ko da ita ce da laifi. Ka riƙe wannan tukuna.

Yanzu sai nawa.

Da ka ce za ka auri Sajida, 'yar Indiyar nan mai aiki a kantin magani, da baki kawai na yarda. Bayan aurenku, da ka kai ni garinsu a duwatsun Kerala, aibu na je nema.

Mota tana ta hawa, kunnuwana suna toshewa, har gajimare ya koma ƙasa da mu. Gonakin shayi sun lulluɓe tsaunuka, kore shar. Shekara tara ina tsakanin kwantena da ƙugin esi, na manta akwai sanyin da Allah ke bayarwa kyauta. Na yi tasbihi a zuci, amma ban bari ka gani a fuskata ba.

Mahaifiyar Sajida ta sauko daga gona da kwando a baya. Ta wanke hannu, ta dafa mini shayi da kanta. Na dubi yatsunta, sun yi baƙi, sun tsattsage. Sai na ture kofin. Na ciro shayin kwali da na zo da shi daga Dubai, na ce a ba ni ruwan zafi kawai. Ka san abin da nake faɗa kullum, matafiyi ya riƙe kayan shayinsa. Da shi na fake.

Ta ɗauki kwalin ta juya, ta nuna wa 'yarta wani rubutu, ta yi murmushi. A mota ka gaya mini shayin Indiya ne, na irin waɗannan duwatsu. Shekara da shekaru ina shan abin da irin hannunta ya tsinka, sai da na ga hannun na ƙyamace shi.

A gaban mutane na yi, shi ya sa na faɗa a gaban mutane.

A kasuwa na ji Sajida ta sauka a can gidansu, an samu mace, har an yi suna. Jikata ta fari, a bakin wasu nake ji.

Na samu biza, Abba. Ka zo ka kai ni. Ka ce wa surukarka ta ɗora ruwa, ba zan zo da kwali ba.

Allah Ya raya yarinyar, Ya ba mai jego lafiya, Ya yi maka albarka. Ni kuma Ya yafe mini.

Mahaifiyarka,
Umma